Rabin Askin Bahago

Akwai wata doka a layin da shagon Kawu mai aski yake, wadda ba wanda ya kafa ta amma kowa na bi: idan Bahago ɗan dambe ya sha kashi ranar Asabar, kada ka kuskura ka kai kanka aski ranar Lahadi. Ka yi haƙuri da sumarka zuwa Laraba. Wanda ya yi taurin kai kuwa, zai zauna ya ce saisaye yake so, ya tashi ya ga fatar kansa tana ƙyalli, Kawu na tsaye a bayansa da kilifa a hannu, ido a kan aiki, hankali na can fagen dambe. Ba mugunta ba ce. Damben wani ne ya shige masa jini, har ya zama in an naushi wancan, wannan ne ke tashi da ciwon kai.

Kawu ba kawun kowa ba ne a layin, amma haka kowa ke kiransa, har waɗanda suka girme shi. Gajere ne mai ɗan tumbi, ga sanƙo ya cinye tsakiyar kansa, abin da abokai ba sa gajiya da tsokanarsa a kai. Tunda yake bai taɓa kai wa mutum hannu ba. Matarsa takan ce ko kyankyaso ne ya shigo ɗaki, ita yake ƙwala wa kira. Shagon nasa ɗan tsukuku ne tsakanin mai kayan gini da mai gyaran waya: kujera ɗaya mai juyawa wadda fatarta ta tsage aka liƙe da salatif, bencin masu jira, fanka mai kuka, da babban madubi da ya fara baƙi a gefe. Saman madubin kuwa hotunan Bahago ne a jere, tun yana siriri mai dogon wuya har ya cika ya zama ƙato.

Sun san juna ne tun Bahago yana dako a shagon kayan ginin nan na maƙwabta, saurayi mai kunya, kullum kansa fari fat da ƙurar siminti. Wata Juma'a ya shigo ya ce a yi masa tal kwabo, wai gobe zai hau fage karo na farko, kocinsu ya ce kada ya zo masa da suma. A lokacin Kawu bai san komai game da damben zamani ba, in ban da abin da yake hangowa a talabijin. Tausayi ne ya kai shi zauren wasannin da ke bayan tashar mota, don a ganinsa za a illata ɗan mutane a banza, gara a samu wanda ya san shi a kusa. Ya rufe shago ya ce wa maƙwabta yanzu zai dawo. Yaron nan da ke sunkuyar da kai in zai gaishe ka, sai ga shi ya tsaya da ƙafar dama a gaba, yana ta ja da baya kamar mai tsoro, har abokin karawarsa ya saki jiki, sannan hannun hagu ya fito daga inda ba wanda ya zata. Kawu ya tsinci kansa tsaye a kan benci yana ihu, takalminsa ɗaya ya ɓace, ya rungume wani mutum da bai taɓa gani ba. Ranar bai koma shago ba.

Daga nan abin ya zame musu al'ada su biyu. Duk jajibirin wasa, bayan la'asar, Bahago zai zo ya zauna, Kawu ya ɗora masa tawul mai ɗumi, ya shafa sabulu, ya sa sabuwar reza ya kwashe kan tas. In an gama, Bahago ya shafa kansa ya ce, "Kawu, ya ka gani?" Kawu ya karkata kai kamar mai karanta wani abu a ƙeyarsa, ya ce, "Turmi na huɗu za ka kai shi ƙasa," ko kuma, "Wannan zai wahalar da kai, amma naka ne." Sau da yawa hasashen ba ya dacewa, amma wa ya damu? Bahago ya yi suna, ya ci kambu, ya bar dako, ya yi aure. Manyan shagunan aski masu na'urar sanyaya ɗaki suka yi ta zawarcinsa, bai taɓa kai kansa wani wuri ba. Yakan ce in bai ji daga bakin Kawu ba, ƙafarsa ba ta tsayuwa daidai a fage.

Shekara goma da 'yan kai aka yi a haka, kuma ko Kawu zai gaya maka su ne shekarunsa mafi daɗi. Mutumin da a da ba a tambayarsa komai sai "an kawo wuta?" ya zama shi ake jira ya yi sharhi. Bencin nan ba ya rabuwa da mutane, rabinsu ba aski ya kawo su ba. Babbansu shi ne Makanike, mai gareji a tsallaken titi, amininsa tun suna samari, mutum mai ƙarar murya da baƙin farce, wanda in ana kallon dambe sai na kusa da shi sun matsa don yana kai naushi iska.

Faɗuwar farko da maki aka yi ta, kuma ba ta yi wa kowa zafi sosai ba, don akwai wanda za a ɗora wa laifi. Kawu ya ce masu ba da maki ne suka yi son kai. Wata guda yana sake wasan a shago, mataji a hannun hagu, buroshi a dama, yana nuna wa masu jira yadda Bahago ya ci turmin da aka hana shi. Mutum na zaune da rabin gyaran fuska sai ya jira a gama turmi na takwas. Layin gaba ɗaya ya yarda an cuce su, kuma akwai wani daɗi da jama'a ke ji in sun haɗu a kan an cuce su.

Ta biyu ta fi ciwo. Girar Bahago ta dama ta fashe, jini ya rufe masa ido, alƙalin wasa ya ɗaga hannu ya tsayar. Kawu ya ce da kai aka buge shi, ya rantse ya gani, duk da cewa wurin zamansa na bayan ginshiƙi. Ya koma gida ya zauna a bakin gado bai cire takalmi ba. Matarsa ta ajiye masa abinci, ta dawo ta same shi yadda ta bari.

"Baban yara, rasuwa aka yi mana ban sani ba?" ta ce.

"Ba za ki gane ba."

"Na gane mana. An bugi wani, kai ka kumbura. Shi yana can matarsa na ba shi abinci yana ci, kai kana nan kana min takaba."

Kwana biyu rediyon shago a kashe, wanda ya yi sallama sai dai a amsa masa da kai.

Ta uku kuwa ba ta bar wa kowa abin fakewa ba. Wani dogon yaro ne, wanda bai fi sa'ar ɗan Kawu na fari ba, ya yi ta zagaya Bahago yana shigo masa ta dama, shi kuma yana juyowa a makare kamar wanda aka kira daga nesa. Ana cikin haka ya samu ɗaya a muƙamuƙi, ya tafi a hankali, gwiwa tukuna sannan kafaɗa. Zauren ya yi tsit, har kana jin alƙalin wasa yana ƙirga. Bai gama ba wasu suka fara kiran sunan dogon yaron, kuma Kawu ya gane muryoyin, don da su aka yi shekaru ana ɗaukar Bahago a kafaɗa. Ya fito bai jira kowa ba, ya wuce motocin haya ya tako har gida da ƙafa.

A nan ne layin ya nuna halinsa. Mai gyaran waya ya cire hoton Bahago daga fuskar wayarsa, ya ce shi dama tun bara ya ga alama. Wani tsohon direba da ba ya fashin zuwa kallo ya zo ya zauna a benci, ya buɗe baki zai yi magana, hawaye suka riga shi, ya tashi ya fita. Makanike kuwa fushi ya yi, irin fushin wanda aka ci amanarsa.

"Ya kunyata mu," ya ce. "Gaban yara! Ko hannu bai ɗaga ba. Ni na gama da shi, wallahi ko kyauta aka ce in je ba ni zuwa."

"Kai aka kayar?" in ji Kawu.

"To wa aka kayar in ba ni ba? Ka san abin da yaran gareji suka yi min da safe?"

Haka son 'yan kallo yake, kuma ba kyakkyawan abu ba ne in ka dube shi da kyau. Mutum ya tsufa, gwiwarsa na ciwo, cikinsa ya fito, sai ya samu wani ya ɗora masa ƙuruciyarsa ya ce riƙe min, ranar da ta suɓuce kuma ya hau zaginsa. Kawu ya ga haka a fuskokinsu ya ji ƙyama, ya kuma ji daɗin cewa shi ba irinsu ba ne. Bai cire hoto ko ɗaya ba. Da Bahago ya leƙo bayan mako biyu, fuska ba ta gama sacewa ba, yana magana ƙasa-ƙasa wai yana tunanin ko lokaci ya yi, Kawu ya katse shi.

"Wane lokaci? Tuntuɓe ne. Waye bai taɓa tuntuɓe ba? Ka nemi a sake haɗa ku, ka ga in yaron nan zai kai turmi na biyar."

Bahago ya ɗago ya dube shi, fuskarsa ta washe kamar ta yaro. Ba a yi wata uku ba aka sa ranar ramuwa.

Ana saura 'yan kwanaki, da tsakar rana lokacin da shago ba kowa, Kawu na kakkaɓe kilifa sai ya ji sallamar mace. Matar Bahago ce, malamar firamare, mace mai natsuwa da ba ta cika magana ba. Tunda aka yi aurensu sau ɗaya ta taɓa zuwa kallo, ta fita kafin a kaɗa ƙararrawa ta biyu. Ta gaishe shi da ladabi, ta zauna a bakin benci, jaka a kan cinya.

"Kawu, wurinka na zo. Bai san na zo ba."

"Lafiya dai, 'yata?"

"Idonsa na dama ne. Tun fashewar girar nan. Abin da ke gabansa yana gani, amma na gefe babu. In na ajiye masa kofi ta dama sai ya ture shi. Shekaranjiya 'yarmu ta rugo za ta rungume shi ta wannan ɓangaren, ya juya ya buge ta da gwiwar hannu, bai san tana wurin ba. Likita ya gaya masa in aka ƙara samun wurin, idon zai iya tafiya gaba ɗaya. Ya ɓoye wa kowa in ban da mu na gida."

Kawu ya ajiye buroshi. "Ai ana duba su kafin wasa."

"Ya san yadda yake karkata kai ya wuce. Na yi magana, mahaifiyarsa ta yi, har kuka ta yi masa. Kowa ya faɗa sai ya ce, Kawu ya ce tuntuɓe ne, kuma ba wanda ya san dambena kamar Kawu." Ta gyara jakar. "Ka yi haƙuri da abin da zan faɗa, ba raini ba ne. Masu zaginsa ba su dame ni ba, da su kaɗai ne da tuni ya bari. Kai ne damuwata."

Maganar ta soke shi. Shi da ya tsaya lokacin da kowa ya watse, shi ne yau ake cewa damuwa? Ya haɗiye abin da ya taso masa, ya ce mata in Allah ya yarda zai yi masa magana. Ta yi godiya ta tafi, ya bi ta da ido yana jin haushinta.

Da ya kai labarin gida yana neman mai taya shi, matarsa ba ta ko ɗago daga ninkin kayan da take yi ba.

"Gaskiya ta gaya maka," ta ce. "In ya makance, kai za ka ja masa sanda ko ita? Kai Asabar ɗinka kake ji, ita mijinta."

Ya ce mata ba su san dambe ba. A zuciyarsa kuma ya yi ta lissafi irin na mai son abu: ai likitoci da tsoratarwa, ai ture kofi kowa na yi, ai ko da ido ɗaya da rabi Bahago ya fi yaron nan. Kafin Juma'a ya gama shawo kan kansa cewa zai dai ce masa ya kula, shi ke nan ya cika alkawari.

Ranar Juma'ar Bahago ya iso a kan lokaci, jiki ya murɗe, yana ta fara'a. Makanike, wanda ya rantse ya gama da shi, na zaune a benci tun azahar da tikitinsa a aljihun gaba, kuma ba wanda ya tuna masa rantsuwar. Kawu ya ɗaura wa Bahago ƙyalle a wuya, ya ɗora tawul, ya shafa sabulu. Ya juya kujerar ta ba madubi baya ta kalli ƙofa, kamar yadda yake yi duk sanda zai sa reza, don hasken waje ya fi na ƙwan lantarkin shagon. Ya fara ta hagu.

Bahago ya shiga ba su labarin shirinsa. Ya ce ya kalli wasan nan har ya gaji, ya gano yaron na sauke hannun dama duk sanda ya jefo na hagu, ɗan saukewa kaɗan, amma ya isa. Makanike ya buga cinya ya ce shi ma ya gani. Kawu kuwa tuni jininsa ya hau. Ya tsayar da aski yana nuna yadda za a kauce a shigo ta ƙasa, tumbinsa na rawa, su biyun na dariya. Maganar malama, da idon, da alkawarin, duk suka bi iska. Rabon da ya ji daɗi irin wannan tun kafin faɗuwar farko.

Ya gama ɓangaren hagu tas, ya zagayo dama. Kawu na da wata ɗabi'a da ya koya tun yana yaron shago: kafin reza ta taɓa kusa da kunne, yakan ɗaga ta gefen idon mutum ya ɗan tsaya. Ba ya cewa komai. Mutum na hango ƙyallinta ta wutsiyar ido zai yi shiru ya ƙame da kansa, ko yaro ne. Bahago ya fi kowa iya wannan, don shi ko ƙuda ne ya gifta ta gefensa sai ya sani. Kawu ya ɗaga rezar ya tsaya. Bahago ya ci gaba da magana yana kaɗa kai. Ya matso da ita kusa, har ta kusa taɓa gashin girarsa. Makanike ya faɗi wani abin dariya, Bahago ya ƙyalƙyale ya wurgo kansa dama, kai tsaye kan bakin rezar. Allah ne ya sa hannun Kawu ya riga shi janyewa.

Bahago bai san an yi ba. Makanike ya gani, ya daina dariya. Kawu ya mayar da rezar hannun hagu, ya buɗe tafin damansa ya kaɗa a gefen fuskar Bahago, a hankali, sannan da sauri, daidai inda naushin dogon yaron ke shigowa. Idon na buɗe, yana kallon titi, ko ƙiftawa bai yi ba. Tsoro Kawu ya ji, irin wanda bai taɓa ji ko a zauren wasan ba. Ya naɗe rezar ya ajiye a kan teburi.

"Ya dai, Kawu? Ta dakushe ne?"

"A'a."

"To ƙarasa mana, koci na jirana. Ko ka gaya min tun yanzu, turmi na nawa?"

Kawu ya zagayo gabansa. "Babu turmi," ya ce. "Ba zan ƙarasa askin nan ba. Kada ka hau gobe."

Bahago ya dube shi, ya dubi Makanike, wanda ya sunkuyar da kai yana kallon farcensa. Fara'ar ta bar fuskarsa a hankali.

"Ta zo nan ke nan."

"Ta zo, ban yarda da ita ba. Yanzun nan na kaɗa maka hannu a nan, ba ka gani ba. Saura ƙiris ka yanke kanka a rezata."

"Kai ka ce tuntuɓe ne."

"Ni na faɗa."

"Kai ka ce in nemi ramuwa. Wata uku ina gudu da asuba, na bar gidana cikin rigima, saboda kai ka ce." Muryarsa ba ta tashi ba, abin da ya fi ba Kawu tsoro ke nan. "Kowa ya juya min baya na ce ba komai, Kawu na nan. Yau saura kwana ɗaya?"

"Gara yau da jibi," in ji Kawu. "Ina son in ga ka kayar da yaron nan fiye da yadda kake so, Allah ya sani. Amma ba da bakina ba."

Bahago ya kwance ƙyallen wuyansa, ya goge sabulun da shi, ya ninke ya ajiye a hannun kujera. Ya miƙa hannu ya zare hular da ke kan Makanike ya kifa a kansa, rabi fata rabi gashi, ya fita bai yi sallama ba.

Ranar Asabar Kawu bai je zauren ba. Ya buɗe shago ya zauna a kan kujerar aski, layin ya yi shiru don kowa ya tafi. Bai san abin da Bahago ya yanke ba, kuma ba a ɓoye ba, zuciyarsa biyu ce. Ɗaya na addu'ar kada ya hau. Ɗayar kuma, marar kunya, na kasa kunne ko za ta jiyo ihu daga bayan tasha, a ce ya hau ya kayar da yaron, ko da hakan zai sa Kawu ya zama abin dariya har ya mutu. Ya ji kunyar wannan ta biyun, amma bai iya korarta ba.

Tun rana ba ta yi sanyi ba mutane suka fara dawowa, ba ihu ba waƙa, sai ƙunƙuni. Bahago bai zo ba. An jira, an jira, aka sanar ya janye. Wasu suka ce tsoro ne, wasu suka ce dama cika baki ne. Kafin magariba labarin aski ya zagaye layin, don Makanike ba ya iya riƙe magana, sai fushin ya samu inda zai sauka. Wani ya tsaya a ƙofar shago ya ce, "Mai aski, kai ne likita yanzu?" Mai gyaran waya ya ce an hana mutum wanke sunansa. Kawu ya share gashin da ke ƙasa, ya rufe ya tafi gida, ya ci abinci sosai, sannan ya zauna ya rasa abin da zai yi tunani a kai. Shekara goma sha yana da ranar da yake jira, yau babu.

Bencin ya rage cika. Makanike kaɗai ke zuwa kullum, su zauna su yi hirar tsadar kayan mota, hirar ta mutu a hanya. Bahago bai leƙo ba, bai kira ba. Matarsa ta aiko da gaisuwa ta bakin wata maƙwabciya, ba ta ƙara komai a kai ba. Kawu ya fara sabawa da cewa ya tsirar da idon mutum ya rasa mutumin, kuma in aka ce ya sake zaɓa hakan zai zaɓa, sai dai sanin haka bai rage masa kewa ba.

Wata safiya, yana goge madubi, ya ga mutum tsaye a bayansa cikin riga mai dogon hannu. Bahago ne. Bai gaishe shi ba, ya wuce ya zauna a kujera ya cire hula. Kan ya zama abin tausayi: hagu ya tsiro gajere, dama ya yi tsawo ya cukurkuɗe. A cikin mai tsawon nan, wajen kunne, furfura ce ta fito fili. Kawu ya tsaya yana kallonta. Ba yau ta fara ba, ya sani, shi ne ke kwashe ta duk jajibirin wasa kafin kowa ya gani, har da shi kansa.

Ya ɗaura masa ƙyalle. Hannunsa ya nufi reza, ya fasa.

"Wane iri za a yi?" ya ce.

Bahago ya daɗe yana kallon kansa a madubi. "Ban sani ba. Ban taɓa zaɓa ba. Irin wanda mutane ke yi su tafi wurin aiki. Mai kayan gini ya ce in zo in riƙe masa sito."

Kawu ya ɗauki almakashi da mataji. Idonsa ya ciko, sai da ya juya ya goge da hannun riga don ba ya ganin gashin sosai.

"Kawu," in ji Bahago, bai juyo ba. "Ban huce ba fa."

"Na sani," ya ce. Ya zagayo ya tsaya ta hagu, inda mutumin zai iya ganinsa. "Ɗan sunkuyo."